Gidan gado ya yi wata 7 a kasuwa: mu yi masa fenti ko mu rage kuɗi?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Bara waccan Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ya bar mana gida a Ɗorayi, nan Kano, ƙafa 50 da 75, ɗaki biyar, falo biyu, shago ɗaya a waje, da rijiya a tsakar gida. Mu tara ne magada har da Hajiya, gidan ba zai rabu ba, sai muka yanke a sayar a ba kowa rabonsa. Yau wata 7 ke nan yana hannun dillalai. Mun sa miliyan 38. Mutane suna zuwa, su zagaya, su ce "za ka ji mu", shi ke nan. Tayi mafi tsoka da muka samu miliyan 27 ne, muka ce albarka. Yanzu ƙanena ya matsa a haɗa kuɗi a yi fenti ciki da waje, a sa tayil a falo, a canza ƙofar gida. Ni kuma gani nake asara ce, tunda wanda zai saya ƙila ma rushewa zai yi. Waɗanda suka taɓa sayar da gida, me kuka gani?

Ɗan Dillali:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Alhaji, ƙanenka ya fi ka gaskiya. Ido shi ke fara saye kafin aljihu. Na sha kai mutum gida mai kyawun gini, tun daga ƙofa ya ga bango ya yi baƙi, ya ce mu juya, ko saukowa daga mota bai yi ba. Ku watsa masa fenti ruwan madara, ku wanke ƙofa, ku ga aiki.

Maman Sadik:
Su Ɗan Dillali an zo wurin. Kai dai a yi fenti, la'adarka ta ƙaru, kuɗin fentin kuma ba daga aljihunka zai fita ba.

Ɗan Dillali:
Hajiya ki bar ni in ci abinci mana. Ai in gidan bai fita ba ko sisi ba ni da ita.

Oga Magini:
Kafin maganar fenti ina da tambaya uku, Baban Ummi. Rufin yana yoyo? Ƙasan bango yana yin danshi, fenti yana kumbura yana zubar da farin gari kamar kanwa? Sannan tsakanin daɓen gidan da titi, wa ya fi wani tudu?

Baban Ummi:
Oga kamar ka shiga gidan. Ɗakin Hajiya da falo ɗaya suna yoyo, silin ya yi shaci. Bangon da ke jikin kwata yana wannan kumburin har kusan gwiwa. Titi kuma tunda aka yi ciko ya ɗan fi mu tudu, sai da muka yi dakali a bakin zaure don tare ruwa.

Oga Magini:
To ga abin da ke korar maka mutane, ba launin bango ba. Duk wanda zai fitar da miliyan talatin da wani abu ba shi kaɗai zai zo ba, da magininsa zai zo, kuma mu abin da muke fara kallo ke nan. Mukan ɗaga kai mu duba silin, mu sunkuya mu ƙwanƙwasa ƙasan bango da makulli. In filasta ta yi ƙarar kwano mun gane ta rabu da bulo. Daga nan sai mu raɗa wa maigida a kunne, shi kuma ya ce maka "za ka ji mu".

Wannan danshin daga ƙasa yake tasowa. Tsofaffin gidajenmu da yawa ba a shimfiɗa leda ba kafin a zuba daɓe, sai bulo ya riƙa tsotsar ruwa yana hawa, ya taho da gishirin ƙasa. In ka shafa fenti a kai, damina ɗaya ba za ta wuce ba zai sake kumbura. Abin yi shi ne a fara daga waje: a yashe kwatar, a ɗaure ta da siminti yadda ruwa ba zai kwanta a jikin bango ba. Sannan a kankare filastar ciki har sama da inda danshin ya tsaya, a bar bulon ya sha iska, a sake filasta da simintin da aka gauraya da maganin hana ruwa. Rufi kuma a hau a duba. Sau da yawa ba kwanon ne ya mutu ba, ƙusa ce ta saki ko indararo ya cika da ganye da leda. Falle biyu ko uku za ka canza, ka sauya silin ɗin da ya yi shaci. Bayan wannan ne fenti zai yi ma'ana, kuma mai ruwa ya isa, hannu biyu.

Tayil kuwa kada ku taɓa. Wanda kuka zaɓa ba lallai ya yi wa matar mai saye ba, fasa shi za ta sa a yi.

Maman Sadik:
Yauwa Oga, ka taɓo inda nake jira. Ku maza kuna ta lissafin bulo, alhali rabin cinikin gida a hannun mace yake. Lokacin da muke neman gida mun ga kusan goma. Akwai wani a Rijiyar Zaki da maigidan ya mutu a kansa, ni na hana. Dalili? Ina tsayawa a tsakar gida na ɗaga kai, sai ga tagar benen maƙwabta tana kallona tsaf. Wato in fito alwala ko wanki sai da hijabi a cikin gidana? Na ce a'a. Wani kuma banɗakin ne, tun daga zaure wari ya tare mu, ga turaren wuta an banka kamar gidan amarya. Turaren ne ma ya sa na yi zargi.

Baban Ummi, ka samu mace wadda ba 'yar gidan ba, wadda ba ta jin kunyarka, ta zagaya ta faɗa maka gaskiya. Ku da kuka tashi a ciki hancinku ya saba. Ta duba kicin, ta duba inda ake shanya, ta duba ko ruwan wanke-wanke yana wucewa ko kwanciya yake.

Baban Ummi:
Hajiya kin sa na ji kunya. Akwai tumaki uku a bayan ɗakin Hajiya, da akurkin tattabarun autanmu. Ga kuma ɗaki guda cike da kayan marigayi, tsofaffin kujeru, keken ɗinki, buhunan takardu, babur da ya shekara goma bai tashi ba. In masu dubawa sun zo ma ba ma buɗe ɗakin.

Maman Sadik:
Inna lillahi. Ɗaki a kulle? Ai ni in na ga an hana ni shiga ɗaki, cewa zan yi bango ne ya tsage a ciki. Ku fitar da kayan nan, abin rabo a raba, na sadaka a bayar, ƙarafa a kira 'yan gwangwan. Ɗaki in babu kaya girma yake ƙarawa. Tumakin a kai su gidan wani ɗan'uwa, a kankare wurin a zuba sabon yashi. Wannan duk bai kai kuɗin bokitin fenti biyu ba.

Lauyan Zaure:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ba wanda ya tambayi babban abu. Wace takarda gidan yake da ita, kuma sunan wa ke jiki?

Baban Ummi:
Takardar ciniki ce ta lokacin da Baba ya sayi filin, da sa hannun mai unguwa da shaidu. Awon igiya ne, ba shi da satifiket.

Lauyan Zaure:
To ka ga wani dalilin miliyan 27. Tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne. Wanda ke da takardar shaidar mallaka, wato satifiket, wadda galibi ta shekara 99 ce ga gidan zama, zai iya kai ta banki, kuma mai saye zai iya zuwa KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, ya bincika ya tabbatar ba a jinginar da ita ba. Ko ita ɗin ma, in za a mayar da ita sunan wani sai da amincewar gwamna. Gidan awon igiya ana sayar da shi kullum a Kano, ba haramun ba ne, amma masu sayensa daban ne da masu sayen mai satifiket, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. In dillalanku da gidaje masu satifiket suka kwatanta suka ba ku 38, sun ɗora ku a kan keken ɓera.

Abin da za ku iya yi cikin mako biyu: ku haɗa asalin takardar cinikin da duk wadda ta gabace ta in akwai, a ga yadda filin ya taho hannu zuwa hannu. Ku je kotun shari'a a tabbatar da magada da rabon kowa a rubuce. Dukkanku ku sa hannu a takarda ɗaya cewa kun wakilta mutum ɗaya ya yi ciniki. Ba abin da mai kuɗi yake tsoro kamar gidan gado, saboda ya san labarin wanda ya biya, ya tare, bayan shekara biyu wani ɗa ya dawo daga Legas ya ce shi ba da yawunsa aka sayar ba. Ku ɗauki hoton takardun ku ajiye kwafi a gidan, asalin kuma kada ya bar hannunka sai ranar biya.

Malam Na Soro:
Allah ya saka wa Lauya. In ƙara da abin da ya shafi shari'a. Cikin magadan akwai wanda bai balaga ba?

Baban Ummi:
Akwai autanmu, shekararsa 14, Malam.

Malam Na Soro:
To rabonsa dukiyar maraya ce, ba a sayar da ita da yardar yayye kawai. Ku bi ta gaban alƙali kamar yadda Lauya ya ce, shi zai duba maslahar yaron.

Sai maganar fenti. Gyara kaya don ya yi kyau a idon mai saye halal ne, ba wanda ya ce ka kai rago kasuwa da datti. Inda matsala take shi ne a shafa fenti don a rufe aibi. Hadisin sananne ne, yana cikin Muslim: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ku lura, danshi ne ma a can ɗin, kamar bangonku. Malamanmu na Malikiyya sun kasa aibin gida uku: ɗan kaɗan wanda ba a kula shi, matsakaici wanda mai saye zai karɓi ragin kuɗi a kansa, da babba wanda zai iya mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Saboda haka ko kun gyara, ku faɗa masa nan yana yoyo a da, mun gyara, nan ruwa yana taruwa in an yi marka.

Ɗan Dillali:
Allah ya gafarta Malam, ba musu nake ba, amma in muka bi wannan a kasuwar yanzu ko ɗaki ɗaya ba za a sayar ba. Mai saye ma fa ba waliyyi ba ne. Kana cewa "nan yana yoyo a da" zai zabge miliyan uku. Kowa ya zo da idonsa da magininsa, abin da ya gani ya gani.

Malam Na Soro:
Abin da ido ke gani ba sai an faɗa ba, gaskiyarka. Wanda ido ba ya gani fa? Mutumin da ya zo duba gida a watan Janairu, ina zai ga ruwan Agusta?

Baba Mai Ritaya:
Bari in ba ku nawa, ni aka yi wa. Da kuɗin sallamata na sayi gida da rani, fenti sabo fil, har ƙamshi yake. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ƙarfe biyun dare muka tashi katifa tana iyo. Ba ta sama ruwan ya shigo ba, ta cikin banɗaki ya ɓullo, sokawe ta cika ta dawo da shi. Da gari ya waye maƙwabcina ya ce, "Ai Baba kowa a layin nan ya san gidan, da ka tambaye mu." Wata 14 muna shari'a da wanda ya sayar min, dillalin kuwa ya kashe waya. Na samu wani abu, amma bai kai abin da na kashe a zirga-zirga da sabon rami ba. Tun daga nan duk wanda ya nemi shawarata cewa nake kada ya biya sai ya ga gida a damina, ko ya zauna da mai shayin layin ya sha kofi biyu. Ɗana Baban Ummi, maƙwabtanku sun riga sun faɗa wa duk wanda ya zo abin da ke gidan. Gara ya ji daga bakinka.

Oga Magini:
Baba ya tuna min. A kira masu motar kwashe masai a kwashe kafin a ci gaba da nuna gidan. A kuma auna tsakanin ramin da rijiya, ana son aƙalla mita 15, in ya fi haka ma ya fi. In sun yi kusa ka faɗa wa mai saye ruwan na wanki ne ba na sha ba.

Ɗan Dillali:
Tunda yau ranar dukan dillalai ce, bari ni ma in faɗi laifin masu gida. Alhaji, dillalai nawa ka ba gidan nan?

Baban Ummi:
Ni na ba biyu. Ƙanena ya ba nasa, mijin ƙanwarmu ma ya ba wani.

Ɗan Dillali:
Ka ji ba. Huɗu, kowanne da yaransa, kowane yaro ya ɗora nasa. Na rantse gidan nan yana yawo a WhatsApp da farashi uku ko huɗu, wani 38, wani 40, wani 45. Mai saye ya gan shi wuri uku kuɗi daban-daban, me zai ce? Ko dai rigima ce a gidan ko 'yan damfara ne. Kuma gida in ya daɗe a kasuwa suna yake yi, sai ka ji ana "wannan ai ya yi kwantai", kowa ya zo da tayin wulaƙanci. Shawarata, kuma ba don a ba ni ba: ku janye shi daga kasuwa wata guda, ku yi gyaran da Oga ya ce, ku zaɓi dillali ɗaya, a rubuta farashi ɗaya da la'adarsa tun yanzu. Hoto kuma a ɗauka da safe rana tana shigowa, ba da magariba ba, a kwashe shanya da bokitai da buta. Na taɓa ganin hoton falo da mutum yana barci a kan tabarma.

Sannan don Allah in an kawo mai saye mutum ɗaya ya yi magana. Ba ana cikin ciniki wani ƙane ya leƙo ya ce shi bai sallama ba.

Maman Sadik:
Wannan kam ka yi gaskiya, na janye rabin maganata. Rabi kawai.

Malam Na Soro:
Da sharaɗin kada a kawo ɗan tayin ƙarya, wanda zai tsaya yana ƙara kuɗi alhali ba saye zai yi ba don a zuga na gaske. Najashu ke nan, an hana.

Ɗan Dillali:
Malam ni ban san wannan ba, a wasu unguwanni ake yi.

'Yar Kaduna:
Mu da muka sayar da namu a Tudun Wada abin da ya kusa ɓata cinikin bashin wuta ne. An gama magana, an ba da kafin alƙalami, sai mutumin ya ce a kawo takardar wuta ta ƙarshe. Bashin shekaru ya taru a kan gidan tun zamanin 'yan haya, ba wanda ya sani. Dole aka cire daga kuɗin. Ku duba naku tun yanzu. Shagon wajen kuma da mutum a ciki? In akwai, yaushe kuɗinsa zai ƙare? Mai saye zai tambaya, wani yana son ɗan haya, wani so yake a ba shi wuri fayau.

Baban Ummi:
Tela ne a ciki, saura wata 4. Wutar kuma wallahi ban duba ba.

Lauyan Zaure:
Ka sanar da telan a rubuce cewa gidan yana kasuwa, kada ya ji a bakin dillalai. Wata tambaya: kun yi wa maƙwabta tayi? Kuma cikin magadan ba mai iya saye ya biya sauran?

Malam Na Soro:
Tambaya mai kyau. A mazhabarmu shuf'a, wato haƙƙin mutum ya biya kuɗin ya karɓi abin da aka sayar wa bare, ta abokin tarayya ce a abin da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da ita a hukunce. Amma kyautatawa ce a fara sanar da shi, kada ya wayi gari ya ga baƙo a jikin katangarsa.

Oga Magini:
Ban da kyautatawa ma, maƙwabci ne kaɗai fenti bai dame shi ba. Shi fili yake so ya faɗaɗa, ya san ruwan layin, ya san takardar irin tasa ce. Sau da yawa shi ke fin kowa tayi.

Baban Ummi:
Na jikinmu ta gabas ɗan kasuwa ne a Kwari, 'ya'yansa maza sun girma. Kunya ce ta hana mu yi masa magana, kada ya ga kamar talla muka kai masa.

Baba Mai Ritaya:
Shi ma ƙila kunyar ce ta hana shi, kada a ce yana jiran mahaifinku ya mutu ya gaje gidan. Ku tura babba, mai unguwa ko limamin masallacinku.

Shugaban Zaure:
Jama'a masu turo lambar waya da hotunan filaye a ƙarƙashin wannan magana, na goge. Ranar talla Asabar ce.

Baban Ummi:
Salam jama'a, na dawo da bayani bayan mako uku. Mun kwashe ɗakin Baba, 'yan gwangwan sun ɗauki babur, cikin buhunan takardu kuma muka tsinci takardar wanda ya sayar wa wanda ya sayar wa Baba, Lauya ka ga ikon Allah. An canza kwano falle huɗu, an yashe kwata, an kankare bangon, Oga ya ce a bar shi ya bushe kafin filasta, don haka fenti sai bayan damina. Ba mu sa tayil ba, ƙanena har yanzu yana fushi. Bashin wuta ya fito, ba kaɗan ba, muna kan magana da su. Kotu ta ba mu ranar Talata saboda rabon auta. Liman ya je wa maƙwabcin, ya ce a ba shi kwana goma ya yi shawara da 'ya'yansa, bai faɗi kuɗi ba. Dillalai uku mun sallame su, ɗaya ya ce sai mun biya shi kuɗin man da ya ƙona.

Ɗan Dillali:
Kada ka ba shi ko kwabo, la'ada sai ciniki ya faɗa. Amma in maƙwabcin ya saya, wanda kuka bari fa? Ku yi wannan maganar da shi tun yau, kafin ranar biya ya zo ya zauna muku a zaure.

Maman Sadik:
Tumakin fa?

Baban Ummi:
Suna gidan kawu a Kabuga. Tattabarun ne auta ya ce sai dai a sayar da gidan da shi a ciki.

Baba Mai Ritaya:
Ku ƙyale yaro da tsuntsayensa har ranar tashi. In ya rasa inda zai kai su, ina da akurki babu kowa a ciki, jikana ya tafi makaranta.